Wadda Take Kira Yaya

Shafi na 23

Masu cika min akwatin saƙo cewa na bar Likita a tsaye da fayil a hannu kwana uku, ku yi haƙuri, ga ta nan ta motsa. Ke kuma mai cewa in kashe Malama kowa ya huta, ki sha ruwa ki zauna, ba ki ji ta bakinta ba tukuna.

*

Layi biyu ne kawai, kuma duka da hannuna na rubuta su.

Na farko yana shafi na uku na fayil ɗin Malama: "Inna, mahaifiyarta. An cire mata mahaifa shekarar da Malama ta gama firamare. An sa ta barci, ta farka lafiya."

Na biyu yana shafi na biyar: "Auta, shekara talatin da ɗaya. Uwa ɗaya da Malama, uba daban. Babu haɗari."

Malama shekararta hamsin. Tana da sha biyu ta gama firamare. Ke nan shekara talatin da takwas rabon Inna da mahaifa, amma wai ta haifi yarinyar da yanzu take da talatin da ɗaya. Ɗan aji uku aka ba wannan lissafin zai ɗaga hannu, ni kuwa da duk karatuna sati biyu ina kwana ina tashi ban gani ba.

Ni ce likitar da ke sa mutane barci kafin a yi musu tiyata. Wata biyu da suka wuce aka kawo min Malama, shugabar wata makarantar firamare, za a cire mata ƙari a ciki. Ina ɗora mata iskar barci jikinta ya sanƙare, zafi ya hau kamar an hura wuta a ƙarƙashin gadon. Da ƙanƙara da allurai da addu'a muka ƙwato ta. Gwajin jini ya dawo ya ce abin gado ne, jininta ba ya shiri da wannan iskar. Babanta a kan gadon tiyata ya rasu tun tana ƙarama, da irin wannan zazzaɓin. Inna kuwa mun gwada ta, jininta fes. Duk wanda Malama ta haifa, ko ya ɗauko ko bai ɗauko ba, rabi da rabi ne. Wanda Inna ta haifa da wani mijin ba abin da ya shafe shi.

Shi ya sa ranar da Auta ta tambaye ni, don ita ma tana jiran aikin maƙoƙo, na yi mata murmushi na ce, "Ke ba ruwanki, ta wajen baban Yayarki abin ya biyo." Har takarda na rubuta mata, na sa hannu, na buga hatimi.

Malama tana zaune a kujerar gefe lokacin. Tana kallona na buga hatimin.

Na ɗauki fayil ɗin na shiga ofishin Babban Likita ko sallama ban gama ba. Ya karanta layukan biyu, ya cire tabarau, ya murza ido.

"Yaushe ne aikin yarinyar?"

"Alhamis. A nan, ni ce a kanta."

"To ai da sauƙi. Ki ajiye iskar, ki sa ta barci da allura. Ba wanda ya ji, ba wanda ya gani."

"Takardar da ke jakarta fa?"

"Ki kira ta ki ce kin yi kuskure, ta dawo da ita."

"Yallaɓai, a kantin magani take aiki. Ta san yadda gado yake tafiya. Ina cewa na yi kuskure za ta tambaye ni wane kuskure, kafin in rufe baki ta gama lissafin da ya ɗauke ni sati biyu."

"Sai ki yi shiru."

"'Ya'yanta biyu. Gobe ɗaya ya karye a filin wasa a kai shi wani asibitin, wa zai ajiye masa iskar?"

Ya mayar da tabaransa ya dube ni ta samansu, irin kallon da yake wa ɗalibai.

"Sirrin marar lafiya ne. Ba ki da izinin buɗe shi. Mu jini aka kawo mana mu duba, ba a kawo mana gidan mutane mu daidaita ba."

"Na sani. Shi ya sa zan je in karɓo izinin."

"In ta hana fa?"

"Ba zan taso ba sai ta bayar."

Ya ce wani abu game da taurin kaina, ban tsaya jin ƙarshensa ba. Na sa wata ta riƙe min ɗakin duba marasa lafiya, na ɗauki makullin mota.

*

Ƙarfe sha ɗaya da kwata na shiga makarantar. Ofishin Malama yana ƙarshen baranda, kusa da inda aka rataye ƙararrawa. Tebur ne babba da rajistoci a jere, kwalin alli a gefe, agogon bango a saman allon sanarwa. Ta rame tun bayan aikin, amma zamanta yana nan, baya a miƙe kamar za a ɗauke ta hoto.

"Likita da kanta? Ince ko lafiya. 'Ya'yana duk na ba su takardunsu, har babban ya je an ɗebi jininsa."

"Guda nawa kika bayar, Malama?"

"Uku mana. Uku kika ba ni."

"Uku kika ce min."

Ta ajiye biron hannunta a hankali. Na tura ƙofar na rufe, na buɗe fayil ɗin a gabanta, na sa yatsa a shafi na uku, na juya na sa a na biyar. Malamar lissafi ce kafin ta zama shugaba, ba ta bukatar in yi mata bayani.

Ta daɗe tana kallon takardar.

"Inna ta tsufa," ta ce. "Shekaru suna rikice mata."

"Na ga tabon aikin da idona ranar da na ɗebi jininta. Tsohon ɗinki ne, irin wanda aka daina tun ban shiga makaranta ba."

"To sai me?"

"Wa ya haifi Auta?"

"Likita, ki san inda kike. Nan ba asibitinku ba ne."

"Na sani. Wa ya haife ta?"

"Ƙanwata ce."

"Haka take kiran ki, Yaya. Ni ma bakinta na bi na ja layi na ɗora ta kusa da ke a zanen dangi, maimakon ƙarƙashinki. Laifina ne da ban tambaya ba. Amma kina zaune na ja layin, Malama. Kina zaune na ce mata ba ruwanta. Kina zaune na buga hatimi."

Ta miƙe ta je taga ta tsaya, ta ba ni baya. Daga wani aji ana jiyo yara suna bitar jadawalin bakwai da ƙarfi.

"Na so in yi magana ranar," ta ce. "Bakina ne ya ƙi buɗuwa."

"Yau zai buɗu."

"Ke yarinya ce. Kin ɗauka komai a takarda yake ƙarewa."

"A'a. Na ga inda yake ƙarewa, a kan gadona ya kusa ƙare miki. Minti arba'in ina tsaye a kanki ina zuba ƙanƙara, hannuna har ya daina ji. Ba na son in sake ganin wannan a jikin kowa, balle da sa hannuna."

Ta juyo. Idonta ya yi ja amma babu hawaye. Malama ba ta kuka a gaban mutane, ko ranar da ta farfaɗo sai da ta sa aka ja labule.

"Zauna," ta ce.

Na zauna a kujerar da iyayen yara suke zama in an kira su ƙara.

"Ina da sha takwas na yi aure. Ni na zaɓe shi, ba wanda ya sa ni. Wata biyar muka yi, mota ta kife da shi, ya bar ni da ciki. A satin da na haihu takardar kwalejin malamai ta zo. Inna lokacin ta sake aure, shekara shida ba haihuwa, kuma ta san ba za ta taɓa yi ba. Kullum ina ganin yadda take kallon goyon mutane."

Ta gyara rajistar da ba ta karkace ba.

"Ta ce in ba ta jaririyar in tafi karatu. Na ce to. Ta ce ba aro take so ba, kyauta take so, wadda ba a dawowa a karɓa. Mijinta ya ce shi ma ya karɓa. Suka tashi daga garin suka koma inda ba a san mu ba. Na dafa kan yarinyar na rantse wa Inna ba zan taɓa buɗe baki ba."

"Mijinki na yanzu ya sani?"

"An ce masa cikin bai zo da rai ba."

"Ita fa, ba ta taɓa zargi ba?"

"Hutun farko da na dawo ta fara tafiya. Na biyu ta fara magana. Ina shiga gidan Inna ta nuna ni ta ce mata, ga Yayarki. Ta taho da gudu ta riƙe min zane tana cewa Yaya, Yaya." Ta yi ɗan murmushin da ba daɗi a cikinsa. "Shekara talatin ke nan ina amsawa. Na aike ta, na yi mata tsawa, na yi mata kitso. Ranar aurenta ni ce mai rabon abinci a tsakar gida. Da ta haihu aka miƙo min jaririn aka ce ga ɗanki, na karɓa na ce ɗana. Jikana ne, Likita, ban taɓa kiran sa da sunan ba ko a zuciyata, don kada wata rana ya kuɓuce min a baki."

Tausayinta ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. Amma na san tausayi, shi ne yake sa likita ya tattara fayil ya ce Allah ya kyauta ya fita. Na danne shi.

"Na ji, Malama. Kuma ba wanda zai ji wannan daga bakina in ba ki yarda ba. Amma ki yarda."

"Ke ce za ki sa ta barci ran Alhamis. Ki canja maganin mana. Ai kin ce akwai wani."

"Akwai. Zan canja. Alhamis ta wuce ke nan. Juma'a fa?"

"Allah yana nan."

"Yana nan, kuma Shi ya sa aka gano abin a jikinki tun kina da rai. Babanki bai samu wannan ba. Aka ce muku me lokacin?"

Ta ce, "Aka ce kwanansa ne ya ƙare."

"Kwanansa ne. Amma da wani ya san abin da muka sani yau ya gaya wa likitansa, ke da kanki za ki ce ya kyauta ko bai kyauta ba?"

"Kada ki kawo min babana cikin wannan."

"Ba ni na kawo shi ba, a jininki yake. Wataƙila yana jinin Auta. Wataƙila yana jinin yaran nan biyu da kike saya wa takalma duk hutu."

Ta buga tafin hannu a tebur, kwalin allin ya yi tsalle.

"Jinina ne. Ciwona ne. Ku kuka ce min ba wanda zai gani sai da izinina, har takarda na sa wa hannu."

"Haka ne, kuma ina kan maganata. Sakamakon naki ne. Amma jinin ba ke kaɗai ke yawo da shi ba."

"Kin san me kike nema? Ki ce in je in gaya wa yarinyar nan uban da take zuwa kabarinsa tana kuka ba ubanta ba ne. In gaya mata tsohuwar da take wa wanka take yanke wa farce ba uwarta ba ce. In gaya mata ni da take kawo wa ƙarar mijinta, ni na haife ta na miƙa ta na hau mota. Da wane ido za ta kalle ni?"

"Ban sani ba. Wataƙila ta yi shekara ba ta gaishe ki ba."

"To kin gani."

"Amma tana raye za ta ƙi gaishe kin."

Ta kalle ni kamar ta mare ni. Na riƙe idona a nata. A raina ina cewa yau ko masu gadi za ta kira sai dai su ɗauke ni da kujerar.

"Inna fa?" ta ce, muryarta ta sauka. "Shekararta ta haura saba'in. Auta ce kaɗai abin da take taƙama da shi a duniya. Na rantse mata."

"Kin rantse ba za ki karɓe ta ba. Ba wanda ya ce ki karɓe ta. Inna ta goya, ta yi jinya, ta aurar, wannan ba gwajin da zai goge shi. Abu ɗaya kawai likitoci suke tambaya, wa ya haife ta."

"Ku a wajenku abu ɗaya ne."

"Na san a wajenki ya fi haka."

"Ba za ki iya rubuta mata wata takardar ba? Ki ce kin sake dubawa, a yi hattara kawai, ba sai kin faɗi dalili ba."

"Na yi tunanin haka tun a mota. Za ta tambaye ni dalili. In na ƙi faɗa, za ta je wajen Inna da takardun gwajin ta jera su. Kin fi ni sanin ta. Kina so ta tsinta a takarda ita kaɗai a ɗaki, ko kina so ta ji daga bakinki kina riƙe da hannunta?"

Malama ta koma kujerarta. Ta ɗauki biro, ta ajiye. Ta sake ɗauka.

"In na ce a'a fa? Za ki gaya mata?"

Wannan tambayar nake tsoro tun da na fito. Na gaya mata gaskiya.

"Ba zan gaya mata wa ya haife ta ba, wannan naki ne. Amma takardar can tawa ce, sunana ne a kai, kuma ƙarya ce. Gobe da safe zan kira ta in janye ta. Abin da ta gano bayan nan ba ni da iko a kansa."

"Ke nan kin ɗaure ni."

"Kwana ɗaya na ba ki ki riga ni. Shi kaɗai nake da shi da zan bayar."

Ta sunkuyar da kai. Na bar ta. Agogon bango ya nuna sha biyu saura minti shida, ina kallonsa don kada in kalli fuskarta.

"Za ki zauna tare da mu?" ta ce a ƙarshe. "In ta tambayi abin da ya shafi ciwon, ni ban iya bayani ba."

"Zan zauna. Duk inda kika ce, duk lokacin da kika ce."

"Yau da la'asar, a gidana. Kafin zuciyata ta canja." Ta ja numfashi. "Bari in kira ta."

Malama tana da doka a makarantarta, malami ba ya riƙe waya lokacin aiki, kuma da kanta ta fara. Tun ƙarfe takwas wayarta take cikin aljihun tebur a kulle, ba ƙara. Ta zaro makulli daga jakarta ta buɗe ta ɗauko.

Sai na ga fuskarta ta canja.

"Ta kira ni sau tara."

"Auta?"

"Ta bar saƙon murya."

Ta danna. Muryar Auta ta cika ofishin, da fara'arta kamar kullum.

"Yaya, na san kin kulle wayar nan taki a aljihun tebur, Allah ya shirye ki. To ki ji, kada ki yi faɗa. Abokin Baban yara ya samo mana gurbi yau a wani asibitin kusa da gidanmu, wani ne ya fasa. Na gaji da jiran Alhamis, gara a cire abin nan in huta. Ban gaya miki jiya ba don na san za ki bar makaranta ki taho, ke da ba ki gama warkewa ba. Sun tambaye ni ko wani a dangi ya taɓa samun matsala da maganin barci, na ba su labarinki, na nuna musu takardar Likita. Suka ce madalla, ta sauƙaƙa musu aiki. Ƙarfe sha biyu za a shiga da ni. Inna tana nan, ta ƙi zama a gida. Ki yi min addu'a, Yayata. Ki yafe min in na taɓa ɓata miki."

Saƙon ya ƙare.

A waje wani ya buga ƙararrawar sha biyu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Malama ta riga ta danna kira. Na ce ta sa a fili mu ji tare. Ta shiga sau ɗaya, sau biyu, sau uku. A na huɗu aka ɗauka.

Malama ba ta jira sallama ba.

"Auta, kada ki yarda su ɗora miki komai a hanci. Ki tashi daga gadon nan. Takardar nan ba daidai ba ce. Ba Yayarki ke magana ba, ni na haife ki, kin ji ni? Ni ce uwarki."



Sai muryar namiji ta ce, "Yaya? Ni ne, Baban yara. Ta bar min wayar. Me kika ce?"

Malama ta rufe ido. Shekara talatin da ɗaya tana riƙe da maganar, ta sake ta a kunnen suruki.

Na karɓe wayar.

"Likita ce, wadda ta rubuta takardar. Yaushe aka shiga da ita?"

"Yanzun nan, ko minti biyar ba a yi ba. Likita, me Yaya take cewa?"

"Za a yi maka bayani. Yanzu ka tashi ka je ƙofar ɗakin tiyata ka buga. Kada ka daina sai an buɗe. Ka ce kada a sa mata iskar barci."

"An rubuta ba a shiga."

"Ban ce ka shiga ba, na ce ka buga. Yi sauri."

Muka ji takunsa a kan siminti, muka ji kujera ta faɗi, muka ji bugu. Ya buga ya fi sau goma. Malama ta riƙe gefen tebur da hannu biyu, leɓenta yana motsi ba sauti.

Ƙofa ta yi ƙara. Muryar mace ta fito, a fusace.

"Malam, lafiya? Nan wurin bugu ne?"

"Likita ce a waya, ta ce a dakata."

"Wace likitar?"

Na faɗi aikina da asibitin da nake. Na ce, "Nas, takardar da ke fayil ɗinta ni na sa mata hannu, kuma na janye ta. Mahaifiyarta tana da ciwon nan na iskar barci, an tabbatar da gwaji. Ki gaya wa mai sa barcinku ya ajiye iskar."

Na ji tana buɗe takardu.

"A nan an rubuta an gwada mahaifiyarta, ba ta da komai. Da hatimi. Yayarta ce mai ciwon, kuma uba daban."

"Kuskure ne. Wadda aka rubuta yaya ita ce uwar."

"Baiwar Allah, ni murya nake ji a waya, ban san ki ba. Takarda kuma ga ta a hannuna. Mahaifiyarta ma ga ta nan zaune a benci tun safe, ita ta rako ta."

"To ki tambaye ta."

Takun nas ɗin ya matsa. Na ji ƙarar carbi yana gogar benci.

"Inna, sannu. Wai ana cewa ba ke ce mahaifiyar marar lafiyar nan ba. Haka ne?"

Malama ta sunkuyo kan wayar har goshinta ya kusa taɓa hannuna.

"Inna, ni ce. Na ba ki ita kuma ban zo karɓa ba, har abada taki ce. Ki dai gaya musu gaskiya, don Allah. Abin da ya ɗauke Baba ne."

Carbin ya tsaya.

Muryar tsohuwar ta zo a hankali, amma ba rawa a cikinta.

"Auta 'yata ce."

"To kun ji," in ji nas ɗin.

"Ba wanda ya ce ba 'yarki ba ce, Inna," na ce, ina jin muryata tana tashi ban iya riƙe ta ba. "Ba shi aka tambaye ki ba. Wa ya haife ta?"

Ina jin numfashin Inna a cikin wayar, ina jin na Malama a gefen kunnena.

Sai ƙofar ɗakin tiyatar ta sake buɗewa, wani namiji ya yi magana daga ciki.

"Nas, me ya tsayar da ke? Robar iskar barcin tana hannuna. Mu fara?"

Nas ɗin ta ce, "Inna, ke muke jira."